Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Aka Tura Badagry

Ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan ka fito daga sansani lafiya. Mu nan Bagwai duk ƙalau, gero ya shiga rumbu, dawa muke jira.

Na ji an tura ka hidimar ƙasa wata makaranta a Badagry. Garin ba baƙona ba ne, ta nan muke ratsawa zuwa Kwatano zamanin da nake fataucin albasa, shi ya sa na ga gara in rubuto maka, don magana a waya ba ta zama.

Daga cikin Legas, danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, za ka hau a Mile 2, ku bi ta Alaba Rago inda aka san 'yan'uwanmu da kasuwar dabbobi, ku wuce Okokomaiko da Agbara. Hanyar nan ba a yi mata alkawarin lokaci, cunkoso ne ke yanke hukunci, saboda haka ka riƙa sammako. Ka ji kuɗin mota kafin ka sa ƙafa, ka kuma riƙe canji, kwandastan danfo ba ya da haƙurin nema maka. A cikin gari keke napep da acaɓa sun ishe ka, kuma da yawa daga masu acaɓar yaranmu ne 'yan ci-rani. Amma in ka shiga Ikeja ko Apapa ko Surulere kada ka hau acaɓa, tun 2022 gwamnatin jihar ta hana, kuma har fasinja ake kamawa.

Hanyar Seme, garin da ke bakin iyakarmu da Benin, shingaye ne bi da bi: kwastan, 'yan sanda, jami'an shige da fice. Katinka ya zauna a aljihu. Duk wanda ya ce ka riƙe masa ƙunshi ko buhun shinkafa zuwa gaba kaɗan, ko da Hausa ya yi maka, ka ba shi haƙuri. Iyakar kuwa ba taka ba ce sai da izinin hukumarku.

To, ga abin da ya sa ni ɗaukar biro. Na san ka da iyo, tun kana ƙarami ake koro ka daga bakin dam ɗin Watari, kuma wannan iyawar ce take ba ni tsoro. Ruwa biyu ne a Badagry. Akwai na bakin gari, wanda ake tsallakawa da kwalekwale daga Marina zuwa Gberefu, shi a kwance yake, sai ka raina shi. Bayan ka sauka ka taka cikin yashi da itatuwan kwakwa, ka wuce rijiyar da suke cewa ita ake shayar da bayi don su manta gida, sannan ka iske teku. Nan ne aka riƙa loda mutane a jiragen Turawa, tafiyar da ba dawowa. Ka je ka gani, ya cancanci zuwa, haka ma benen da 'yan mishan suka gina a 1845 da ɗakunan da Seriki Abass ya riƙa tsare bayi. Amma teku ka tsaya masa daga nesa. Igiyar tana zuwa ta daki ƙaurinka, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kana nutsewa alhali a tsaye kake. Akwai kuma wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu, samansu shiru, nan ne yake tafiya da gwanaye. Sau biyu yake cika ya janye a yini da kwana, inda ka ajiye takalmi da hantsi ba lalle ka same shi da la'asar ba. Masuntan ƙabilar Egun a kansa aka haife su. In ka ga sun ja jiragensu sama sun zauna gyaran koma, kai ma ka nemi inuwa.

Kwalekwale kuma, ba sai na tuna maka 2021 ba, ranar da na Badau ya kife da 'yan Islamiyya a hanyar Mauludi. Kai ma ka je gaisuwa. Lodi ya yi masa yawa. Saboda haka in ka ga baki ya kusa shan ruwa, ka sauka ka jira na gaba, ko abokanka za su yi maka dariya. Rigar hana nutsewa ka sa ka ɗaure igiyarta, ba ka rataya a wuya don hoto ba. Kada magariba ta same ka a kan ruwa, haka in hadari ya haɗo, ga shi daminarsu tun wajen Afrilu take kankama.

Ranakun hutu bakin tekun cika yake da 'yan Legas, da kiɗa da abin da ka san ba namu ba. In za ka, ka je da safe, ka dawo ka samu azahar a gari.

Innarka tana gaishe ka. Ta ba direban motar albasa ƙullin kuka da daddawa da yaji, zai sauke a Alaba Rago ranar Laraba, ƙaninka zai turo maka lambarsa. Ta ce ka nemi gidan sauro tun kafin albashin farko, kuma in za ka zo hutu ka taho mata da man kwakwa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.