Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Karayar Hajiya

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi hamdala da jin cewa an cire wa Hajiya filasta, hannun ya haɗe. Allah ya ƙara mata sauƙi. Sai dai akwai abin da ka faɗa wanda ya tsaya mini a rai, inda ka ce zamewa kawai ta yi a banɗaki ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye, kuma tunda ya warke magana ta ƙare. A ganina da sauran magana.

Ƙashi mai lafiya ba kasafai yake karyewa ba don mutum ya faɗi daga tsaye. Shi ya sa idan wanda ya haura shekara 50 ya karye a irin wannan faɗuwa, likitoci suke fara zargin zaizayewar ƙashi, cutar da take rarake ƙashi ta ciki kamar yadda gara take yi wa katako, ba ciwo ba kumburi, sai ranar da ya ɓalle. Ta fi addabar mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma an ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga waɗanda suka wuce wannan shekarun za su yi irin wannan karaya. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya karye sau ɗaya haɗarin sake karyewarsa ya kusan ninkawa, kuma haɗarin ya fi tsanani a shekaru 2 na farko. Ta biyun kuwa takan zo a ƙashin baya ko a kwatangwalo, kuma ka san tsohon da ya karye a kwatangwalo sau da yawa ba ya komawa tafiyarsa ta da.

Yawancin masu irin wannan karaya ana gyara musu ƙashin ne a sallame su ba tare da an binciki dalili ba. Wannan giɓin ne ya sa a 1999 asibitocin birnin Gilasgo na Sikotland suka ware ma'aikata na musamman masu bin sawun duk wanda ya haura 50 ya zo da karaya, su tabbatar an gwada shi an ɗora shi a kan magani, tsarin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya. Inda babu irin wannan tsari, ɗa ne yake zama mai bin sawun, wato kai.

Don haka ka mayar da ita wurin likita, ka roƙi a yi mata hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira deksa. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa makin wannan hoto da ya kai -2.5 ko ya gaza haka yana nuna cutar, amma ko makin bai kai nan ba likita yana iya ba da magani saboda karayar da ta riga ta auku. A duba aikin ƙodarta da yawan kalsiyam da bitamin D a jininta. A kuma auna tsawonta. Idan ta rage tsawo da kamar santimita 4, ko ka lura ta fara ranƙwafawa, a ɗauki hoton bayanta, domin mafi yawan karayar ƙashin baya ba a gane su, ana ɗauka ciwon baya ne na tsufa. Kada ka manta ka faɗa wa likitan idan ta taɓa shan maganin rage kumburi da ake kira firednisolon na tsawon wata 3 ko fiye, don yana cin ƙashi.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne alendironet, ƙwaya ɗaya a mako, kuma yana da ƙa'ida mai tsauri. Da sassafe ake sha kafin a ci komai, da ruwa zalla kofi cike, sannan ta zauna a miƙe ko ta tsaya na minti 30 ba kwanciya, in ba haka ba ya ƙona mata maƙoshi, ko jiki ya kasa karɓarsa. Idan wannan zai yi mata wuya, akwai zoledironet da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. Binciken da aka wallafa a 2007 kan waɗanda suka karye a kwatangwalo ya nuna ya rage sabuwar karaya da kashi 35 cikin 100, ya kuma rage mace-mace da kashi 28. Akwai kuma allurar denosumab duk wata 6, wadda nake ja maka kunne a kanta: ba a tsallake lokacinta, ba a kuma daina ta haka kawai sai an maye gurbinta da wani magani, domin ƙashin baya yana iya karyewa a wurare da yawa cikin 'yan watanni.

Za ka ji ana cewa waɗannan magunguna suna lalata ƙashin muƙamuƙi. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma amfaninsu ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne likitan haƙori ya duba ta kafin a fara, kuma idan ta yi kukan ciwon cinya da ya ƙi tafiya a koma asibiti. Kalsiyam da bitamin D suna taimaka wa maganin, amma su kaɗai ba sa wadatar da wadda ta riga ta karye.

Saura faɗuwar kanta. Ka shiga ɗakinta da dare ka bi hanyar da take bi daga gado zuwa banɗaki, ka ga ko akwai haske, ko akwai gefen shimfiɗa da ya tashi ko wayar lantarki a ƙasa, a kuma kafa mata ƙarfen dafawa a bangon banɗakin. A duba idonta ko akwai yana. Ka tattara duk magungunan da take sha ka kai wa likita, musamman na barci da na hawan jini, waɗanda sukan sa jiri idan an miƙe da sauri. Na san halinka, tausayi zai sa ka hana ta motsi, to ka daure ka bar ta, domin yawan zama yana narkar da tsoka, ƙafa ta ƙara rauni. Likitan gashin ƙashi zai koya mata atisayen tsayuwa da tashi daga kujera.

Idan an yi hoton, ka turo mini sakamakon da sunan maganin da aka rubuta mata. Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka