Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Koyon Kibod

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ga saƙonki kan angon nawa, wai kin rasa inda za ki sa shi koyon kiɗan kibod, ajin yara da yawa ko wurin malami shi kaɗai. Na kwana da maganar a raina.

Yaron nan shekararsa 6, kuma ke shaida ce, ba ya iya zaman minti 10 wuri ɗaya. Idan kika ajiye shi gaban malami daga shi sai shi, rabin awa ana zuba wa yatsunsa ido, ina tsoron kafin wata biyu ya tsani abin. Fara sa shi cikin tsararrakinsa. A aji ana tafi, ana rera waƙa, ana jiran juna don a tashi tare a sauka tare, kuma da haka kunne ke buɗewa. Yaro idan ya ga na kusa da shi ya iya, ba sai an roƙe shi ba. Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Yamaha ya buɗe ajin kiɗa a Japan tun 1954, kuma ƙanana a rukuni ake koya musu. Shinichi Suzuki kuwa, wani malamin kiɗa ɗan Japan, wanda ya ce yaro zai koyi kiɗa yadda ya koyi harshen uwarsa, haɗa biyun ya yi, darasin mutum ɗaya da na taro, sannan ya so uwa ko uba su zauna a wurin.

Inda ajin taro ke da rauni shi ne hannu. Ana so yatsu su lanƙwashe kamar an riƙe ƙaramar ƙwallo, wuyan hannu kada ya zube, kafaɗa a sake. Malamin da ke zagaya yara goma, kowa da abin ji a kunne, yaushe zai lura da ƙaramin yatsan ɗanki? Ki tuna yayanki. A irin wannan cunkoso ya saba bugawa da miƙaƙƙun yatsu, ni kuma ina gefe ina ta murna waƙa na fita. Sai da ya sha wuya kafin hannun ya gyaru, laifin kuma har da nawa. Don haka ki je da kanki ki ƙirga kawuna. In sun wuce shida, ni dai ba zan sa shi ba.

Ranar da kika ga ya fara haɗa hannu biyu, ko yana gama nasa yana hamma kafin sauran su iso, ko shi da bakinsa ya nemi jarrabawa mai mataki 1 zuwa 8 irin ta ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, to lokacin malami na musamman ya yi.

Maganar saye kuma, kada ki takura wa maigidanki. Fiyano madannai 88 gare shi, amma kibod mai 61 ya ishi ɗan koyo, in dai sautinsa na ƙaruwa idan an danna da ƙarfi. Ki ajiye shi inda yaron zai riƙa gani, ki zauna kusa da shi minti 10 ko 15 kullum, ko da ba ki gane komai ba.

Ki gaishe min da angon nawa, ki ce ina jiran waƙata ta farko.

Mahaifiyarki.