Wasiƙar godiya ga shagon da ya mayar da tsofaffin kayana ma'ajiya

Zuwa ga Malam mai shago, da Malama mai haɗa fenti, da duk yaran da ke aiki a ƙarƙashinku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Na riga na yi muku godiya baki da baki ranar da kuka kawo mini kayana, amma na ga hakan bai wadatar ba. Yawancin aikin da kuka yi mini yana ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya kaiwa. Duk wanda ya shigo gidana launi yake yabawa, da santsi, da yadda ɗaki ya kintsu. Ni kuwa na san abin da aka yi kafin a ɗauki burushi, kuma ina ganin haƙƙinku ne a faɗe shi inda mutane za su ji.

Kaya huɗu na kawo muku, dukansu na hannu: wadirof mai marfi biyu, durowa mai hawa biyar, tsohon teburin rubutu da ƙafarsa ɗaya ta karye, sai wata kantar littattafai. Buƙatata ita ce wurin ajiya. Zannuwan gado da barguna, takalman yara, takardun makaranta, duk sun rasa mazauni a gidan.

Abin da ya fara burge ni, Malam, shi ne ba ka fara da tambayata launin da nake so ba. Sai da ka kifa kowane ɗaya ka duba gindinsa, ka zare durowoyin ka leƙa ciki da tocila, ka ƙwanƙwasa gefe da baya, har ka sunsuna cikin wadirof ɗin. Sannan ka ce uku za ka karɓa, kantar littattafan kuwa ba ta cancanci a kashe mata ko sisi ba. Ka nuna mini cewa ba katako ba ce, garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse, kuma ta sha ruwa daga ƙasa har ta kumbura. Irin wannan idan ya kumbura ba ya komawa, ƙusa ba ta kama shi, in aka ɗora masa nauyi sai ya lanƙwashe. Da ka so, sai ka cike ta da foti, ka lulluɓe da fenti, ta yi kyau na ɗan lokaci, ni kuma ban da yadda zan gane. Ka bar kuɗin da zai shigo aljihunka saboda gaskiya, kuma tun daga nan hankalina ya kwanta da ku.

Teburin ma ba ku shigar da shi cikin sauran kaya nan take ba. Ka ga wasu 'yan ƙananan huji a jikin ƙafarsa, ka ce aikin ƙwaron katako ne. Na ƙaru da bayaninka: ƙwaron yana yin ƙwai a jikin katako, tsutsar ta yi ta ci daga ciki na watanni, wani lokacin ma shekaru, hujin da ake gani kuwa ƙofar da ta fita ce bayan ta zama ƙwaro. Don haka huji kaɗai ba ya nuna ko akwai saura a ciki. Kuka share shi tas, kuka shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashinsa kuka jira, da sabon gari ya zubo kuka tabbatar akwai masu rai. Kuka yanke ɓangaren da ya ciwu, kuka sa wa sauran magani, kuka ware shi gefe. Haka kuka bi kowace tsaga da lungu na wadirof da durowa kuna neman baƙaƙen ɗigo na kuɗin cizo, kuka bi su da na'urar tururi, domin zafin da ya kai digiri 50 yana kashe su har da ƙwansu. Wanda ya taɓa fama da kuɗin cizo a gida ya san girman wannan alheri. Kayan hannu babbar hanya ce da yake bi ya shiga gidan mutum.

Amma inda nake son in daɗe ina godiya shi ne maganar tsohon fenti. Wadirof ɗin an sha yi masa fenti, shafi kan shafi, na ƙasan ya tsattsage yana ɓarewa. Kafinta mai gaggawa injin gurza zai ɗauko ya bi ta kai, ƙura ta tashi ta cika wuri. Ku kuka ce a'a, fentin da ba a san shekarunsa ba ana ɗaukarsa tamkar yana da dalma har sai an tabbatar babu. Daga baya na karanta na ga hujjarku. Shekaru da yawa ana zuba dalma a fenti don ya yi saurin bushewa, ya yi ƙarko, launinsa ya fito. Sai a 1978 Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje da kayan ɗaki da kayan wasan yara, kuma har yau akwai ƙasashe da dama da ba su da irin wannan doka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa ba, kuma ƙananan yara ne suka fi cutuwa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu da ke girma. Ƙurar ce mugun abin: ta sauka a ƙasa, yaro ya dafa, ya kai hannu baki.

Na ga yadda kuka yi da idona. Kun shimfiɗa leda, kun shafa maganin da ke tausasa fenti, kun kankare shi yana jiƙe, ba ku ƙona shi da wuta ba, ba ku gurza shi a bushe ba. Abin da aka kankaro kuka ƙulle a leda. Yaran da suka yi aikin suna sanye da safar hannu da abin rufe hanci da baki na gaske, kuma na ji Malama tana hana ɗaya daga cikinsu taɓa wayarsa sai ya wanke hannu. Ba 'ya'yana kaɗai kuka kare ba ke nan, har da 'ya'yan mutane da aka ba ku amana suna koyon sana'a. Wannan ya fi komai girma a idona. Da yawa a wannan sana'a yaro mai koyo ake turawa aikin ƙura, babu wanda ya damu da abin da yake shaƙa.

Da fenti ya tashi daga durowar sai katakonta ya bayyana, ja mai kyau. Ka kira ni ka nuna mini yadda aka haɗa kusurwoyin kowace durowa, an yanka bakin katako biyu an sarƙe su kamar yatsun hannu biyu, irin haɗin da ja ba ya raba shi. Ka ce wanda ya yi ta ya san aikinsa, kuma ka ba ni shawarar kada a rufe samanta da fenti, a goge a shafa mata banish, jikin kawai a fente. Na yarda, kuma shawarar ta yi daidai. Ni ma yanzu ra'ayina ke nan: ba kowane katako ne ya kamata a rufe ba. Fenti ya dace da wanda ya ji jiki, ko wanda aka yi masa faci, ko wanda dama ba shi da wani zane na halitta. Gefen durowar kuwa ashe siririn ɓawon katako ne aka manna, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, shi ya sa kuka bi shi da hannu a hankali, domin inji zai huda shi cikin ƙiftawar ido.

Sauran shirin ma ba ku tsallake ko ɗaya ba. Kun wanke maiƙo da daɗɗen datti da ruwan sabulu, domin fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Kun gurza da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, kun fara da mai lamba 120, kuka bi da 180, kuka ƙarasa da 220, kullum kuna bin yadda zaren katakon ya kwanta. Gaɓoɓin da suka saki kun kwance su, kun kankare tsohon gam, kun sa sabo kun matse, ba ku buga musu ƙusa ta waje don a wuce wurin ba.

Malama, ke kuma godiyarki daban ce. Na zaɓi launi mai haske, kika ce mini jan katako yana da wani ruwa a jikinsa da fentin ruwa ke jawowa waje, bayan ɗan lokaci sai a ga tabo ruwan ƙasa ko ruwan hoda ya ɓullo, ko shafi nawa aka ƙara. Maganinsa shafin farko mai shelak. Ban taɓa jin sunan ba sai a bakinki, kuma na yi mamaki da na ji wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, ake narkar da shi a yi shafi da shi. Kin kuma shafa mini launuka a guntun katako kika ce in tafi da su gida in duba da rana, in sake dubawa da dare a hasken fitila. Wanda na ɗauka shi nake so a shago, a ɗakina sai ya yi duhu, na biyun ne ya zauna. Fentin kuwa siriri kuka riƙa shafawa, ya bushe, a ɗan goge, a ƙara. Babu inda ya tsiyaya, babu sawun burushi. Gefen durowoyi da hanyar da suke bi ba ku sa musu fenti ba, kakin kyandir kuka goga, kuma ko da iska ta yi danshi katako ya ɗan kumbura ba sa cijewa.

Ga abin da kayan suka zama. Wadirof ɗin kun cire masa sandar rataye, kun sa kantoci da ake iya ɗagawa ko saukewa, na ƙasa masu zurfi don barguna, na sama don zannuwa da tawul. Kun sauya masa allon baya da sabon filawud, ka ce mini wannan allon da mutane ke rainawa shi ke hana kabad karkacewa, kun kuma huda masa 'yan ƙofofin iska don kada kaya su yi warin rufi. Durowar ta zama ta kayan yara, kowa da hawansa. Teburin da na ɗauka ya gama yayi, daga shi abu uku suka fita: durowoyinsa biyu kun sa musu ƙananan tayoyi suna shiga ƙarƙashin gado, samansa kuma ya zama benci a bakin ƙofa, da wurin jera takalma a ƙasansa. Tsofaffin mariƙan tagulla ma ba ku yar ba, kun goge su kun mayar.

Ranar da kuka kawo kayan na zaci sauke su za ku yi ku tafi. Sai na ga yaronka ya fito da abin huda bango, kuka ɗaure wadirof da durowa da bango ta baya. Ka ce yaro yakan jawo durowoyi ya taka su ya hau, nauyi ya rinjayo gaba, abin ya kife a kansa. Ba tsoratarwa ba ce. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan da wasu suka kife kan ƙananan yara har aka rasa rayuka. Idan sabon kaya na babban kamfani zai iya haka, ina ga tsohon da aka cire masa wani abu aka ƙara masa wani? Ban roƙe ku wannan ba, ba ku kuma ƙara mini kuɗi a kansa ba.

Kafin ku tafi Malama ta ja mini kunne: fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma sai ya yi mako uku zuwa huɗu kafin ya yi tauri sosai. Kada in ɗora abu mai nauyi, kada in goge da ruwa, in bar marafan a ɗan buɗe don kada su manne. Ta kuma ba ni ragowar fentin a ƙaramar kwalba, ta rubuta sunan launin a jiki, ko da wata rana wani wuri ya kuje. Na bi maganarta, kuma har yau babu inda ya ɓare, duk da yara suna buɗewa suna rufewa safe da yamma.

Kuɗin da muka yi magana a kai tun farko shi na biya. Da aikin wadirof ya ja lokaci saboda tsohon fentin, ku kuka kira ni kuka faɗa mini dalili tun kafin ranar alkawari ta zo, ba ni na yi ta bin ku ba.

Roƙona gare ka, Malam, shi ne ka ci gaba da koya wa yaran nan yadda na ga kana yi, kana nuna musu dalilin kowane mataki, ba umarni kawai ba. Na ji ƙaraminsu yana yi wa wani mai kawo kaya bayanin bambancin katako da garin katako, kuma bai yi kuskure ba. Ga masu karanta wannan wasiƙa kuma, idan kuna da tsohon kabad ko tebur da kuke shirin yarwa, ku kai wa mai sana'a irin waɗannan ya duba tukuna, ku kuma tambaye shi me zai yi da tsohon fentin da ke jiki kafin ku yi maganar launi.

Akwai wani tsohon gadon katako da nake son a mayar da allon kan gadon kantar bango, zan turo muku shi ku duba ko zai yiwu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya sa wa sana'arku albarka, ya raya yaran da ke hannunku. A gaishe mini da kowa da kowa a shago.

Wassalam.

Taku,
Mai hulɗa da ku, wadda kuka gyara wa wadirof da durowa.