Zuwa ga Ummi, kan maƙalar da edita ya dawo da ita

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin ɗakin gwaji? Mamanki ta ce kin kira ta ranar Laraba muryarki a dushe, wai editan mujallar kimiyya ya dawo miki da maƙalarki cikin kwana huɗu, ko masana masu bita bai tura wa ba. Ta ce in lallashe ki. Lallashi ban iya ba, kin sani, amma na karanta kwafin da kika aiko mini har sau biyu, kuma ina da magana.

Aikinki bai lalace ba. Tukunya kika ɗauka kika kai layin 'yan takalma.

Wannan fanni naku na kemistirin kayan ƙere-ƙere ya fi Kasuwar Kurmi layuka. Mai haɗa batir yana ciki, mai ƙera abin da za a dasa a jikin mutum yana ciki, ga masu allon sola, ga masu roba da gilashi da siminti. Lokacin da nake koyarwa, mujallu biyu muka fi leƙawa in sun iso laburare, galibi a makare: Chemistry of Materials ta ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, wadda ta fara fita a 1989, da Journal of Materials Chemistry ta Ingila, wadda ta biyo baya a 1991. Ta biyun nan sai da kaya suka yi mata yawa, a 2013 aka tsaga ta gida uku: A ta ɗauki makamashi da ɗorewar muhalli, B ta ɗauki halittu da likitanci, C ta ɗauki na'urorin haske da maganaɗisu da lantarki. Editan da ke zaune a irin wannan rumfa, tambaya ɗaya yake yi kafin ya gama shafin farko: mene ne sabo a nan, kuma masu karatuna ne ke nemansa?

To ke me kika kawo? Kin gasa farar ƙasar Ƙanƙara, kin dafa ta da soda, ta zama ziyolayit, wato ma'adini mai ƙananan ramuka kamar soso, kin nuna tana tsotse dalma daga ruwa. Madalla. Sai dai an daɗe da sanin ana samun ziyolayit daga farar ƙasa, kuma shi kika sa a gaba kamar shi ne labarin. Abin da ya tsayar da ni yana can shafi na tara, a ƙasan jadawali: samfurin da kika gasa a zafi mafi ƙanƙanta bai gaza sauran wajen tsotsar dalma ba. Wannan ragin wuta ne, ragin kuɗi ne, kika wuce shi da layi biyu! Ciro shi ki kai shi kan gaba. Sannan a zanen nan na gwajin ekisire, mai nuna abin da ke cikin samfurin, akwai wani tsini da ba ki ce komai a kansa ba. Ina zargin ragowar yashi ne da bai narke ba. Ki faɗa da bakinki kafin mai bita ya faɗa miki.

Rumfunan da suka dace da ke suna nan. Akwai Applied Clay Science, wadda yumɓu ne sana'arta, akwai kuma Microporous and Mesoporous Materials, inda masu ziyolayit ke haɗuwa. Ki karanta bayanin abin da kowace ke karɓa, ki duba fitowarta uku na baya, ki ga ko kayanki za su zauna a ciki ba tare da an ɗaga gira ba.

Na san ku 'yan yanzu sunan mujalla kuke fara tambaya. Aikin da John Goodenough da abokansa suka yi a Oksfod a 1980, kan sinadarin lithiyom da kobal da ya zama ƙashin bayan batirin waya, a Materials Research Bulletin ya fito, ba a cikin waɗanda ake ta kururuwarsu ba. Kamfanin Sony ya kai batirin kasuwa a 1991, shi kuwa sai a 2019 ya samu kyautar Nobel, yana da shekara 97.

Abu ɗaya nake tsoro: yanzu da ranki ke ɓace, saƙonnin nan na mujallun bogi za su yi miki daɗi, masu kiranki farfesa suna alkawarin bugawa cikin mako guda in kin biya dala. Ni na taɓa faɗawa. Na biya daga albashina, da lokacin ƙarin girma ya zo kwamiti ya ja layi a kan maƙalar, ko ƙirga ta bai yi ba. Har yau mamanki ba ta san nawa ne ba, kuma kada ki tambaye ni a gabanta.

Kafin ki sake turawa ko'ina, ki zauna da malaminki ku daidaita, tunda sunansa yana kan maƙalar. In kin gyara gabatarwar ki aiko mini, amma da manyan haruffa, idon ya fara gardama. Mamanki ta ba direba yaji da kuka ya kawo miki ranar Asabar, ki bar wayarki a kunne.

Naki,
Baba