Na biya kuɗin hoto a bakin teku, ashe ban sayi fuskar ɗiyata ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka. Ni malamar firamare ce a nan Tawa, shekarata 19 ina riƙe da alli, kuma ban taɓa rubuto wa jarida ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne babban hutu ya ƙarato, na kuma san akwai ƴan Adar da yawa da ke shirin kai tsofaffi da yara wajen ƴan'uwa a Abijan ko Lome. Ba wanda zai je can ya dawo bai tsaya a bakin teku an ɗauke shi hoto ba. Ni na je bara, na ɗauki hayar mai hoto na kaina, na ga alherin abin, na kuma sha ɗacinsa.

Ƙanena yana Abijan shekara 14, yana cikin masu sauke albasar Galmi. Ya daɗe yana naci a kawo masa Inna ta ga gidansa da jikokinta. Inna kuwa ba ta taɓa wuce Yamai ba. Ruwa mafi girma da idonta ya sani shi ne tabkin Tabalak, sai kogin da ta leƙa ta tagar mota a kan gadar Kennedy. A watan Agusta muka tashi, ni da ita da ɗiyata mai shekara 17. Muka bi ta Ƙonni da Doso har Yamai, fiye da kilomita 500, daga nan sai jirgi, don ƙanena ya rantse ba za a bi da tsohuwa ta hanyar mota ba, yadda hanyar ta zama.

Shawarar ɗaukar mai hoto tawa ce. Wayoyi huɗu ne a hannunmu, amma duk wanda ya taɓa yin hoton dangi da waya ya san kullum mutum ɗaya ba ya ciki, kuma shi ne mai riƙe da wayar. Ban da haka, hoton Inna na kirki guda ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, ita da marigayi Baba a gaban wani labule mai zanen furanni. Na ce ina son wanda za a wanke a sa a gilashi, ba wanda zai mutu ranar da waya ta faɗa bokiti ba. Ƙanena ya yi ta mita: "Haba Yaya, jika talatin a hoto? Ai cefanen kwanaki ne." Na ce masa daga albashina ne, ba daga buhunsa ba. Matarsa ce ta samo mana mutumin ta hannun wata ƙawarta. Ba irin masu yawo a kan rairayi da kyamara a wuya ba ne, waɗanda ke ɗauka su wanke maka nan take. Shi sai an yi alkawari da shi tun da wuri. Muka yi ciniki ta WhatsApp: awa biyu, hotuna 20 da zai gyara, biyar daga ciki a wanke, rabin kuɗi kafin alƙalami. Iyakar abin da muka tattauna ke nan. Ka riƙe wannan, Malam Edita, don a nan na yi sakaci.

Gaskiya ɗaya ce, yaron ya san aikinsa. Na ce masa mu haɗu ran Lahadi da hantsi, ya ce sam. Lahadi rabin Abijan na Garan Basam, garin bakin tekun da za mu je, duk inda ya juya kyamara sai ƙafar wani ko dokin haya ya shigo. Rana tsaka kuma, in ji shi, maƙiyiyar baƙar fata ce: haske na saukowa daga bisa, idanu su zama ramuka, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya yi ta ƙifce-ƙifce. Ya ce ko dai sassafe ko bayan la'asar, kuma ya fi son safiya, don a can rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida da ƴan mintoci kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Da ya ji Inna za ta sa farar shadda, ya roƙi a canza. Ya ce kyamara na ganin farin ta rage haske, sai fuska ta dushe. In kuma ya buɗe don fuskar, aikin da ke wuyan rigar ya ɓace. Inna ta ƙi. Ta ce da farar shadda ta yi hoto da mijinta, da ita za ta yi wannan. Sai ya ce to, zai zo da yaronsa.

Ran Talata, ƙarfe shida da rabi na safe agogon can, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, muna Basam. Kilomita 40 ne daga Abijan. Bai kai mu ruwa kai tsaye ba, ya fara da tsohuwar unguwar Turawa, tsakanin tabki da teku. Nan ne Faransa ta kafa babban birninta na farko a Kwadibuwa a 1893, kafin cutar shawara ta kore su. Gidajen na nan, wasu bishiya ta tsiro ta cikin tagoginsu, gidan gwamna kuma ya zama gidan tarihin tufafi. A 2012 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wannan shi ya riƙa gaya mana yana jera mu a jikin wani bango da fentinsa ya kwaɓe, ni kuma halin malanta ya motsa, na rubuta a bayan tikitin jirgi don ƴan ajina. Inna ba ta ga abin burgewa ba. Ta ce a Tawa in gida ya kai haka, kunya ake ji, ba hoto ake yi ba.

Sai muka ratsa ƙarƙashin itatuwan kwakwa, teku ya bayyana. Inna ta tsaya cak. Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta ɗaya a kafaɗar ɗiyata. Can ta ce, "Wanga ruwa, ina iyakatai?" Ƙanena ya ce, "Inna, ba shi da ita." Ta ce, "Ƙarya kake, komi na da iyaka sai ikon Allah." Ba mu ma san mai hoton ya riga ya fara ɗauka ba. Wannan hoton, da ba wanda ya shirya masa, ba wanda ya kalli kyamara, shi ke rataye a ɗakin Inna yanzu. Yaron da ya zo da shi yana riƙe da wani faifai mai ƙyalli kamar azurfa, yana karkato hasken gari zuwa fuskarta. Agusta a can gajimare ne kusan kullum, ga sanyi-sanyi, ni har na ji haushi ba rana, shi kuwa ya ce gajimaren nan kyauta ce. Fuskar Inna ta fito da kowane zane nata, aikin shaddar ma ya fito.

Akwai wani amfaninsa da ban biya kuɗinsa ba. Tekun Basam ba na wasa ba ne. Igiyar na karyewa da ƙarfi dab da gaɓa, in ta koma kuma sai ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mu ƴan tudu ba mu san wannan ba, mun ɗauka kamar bakin tabki ne, ka tattare zane ka shiga. Ya ja layi a kan rairayi da ƙafarsa ya ce kada wanda ya wuce, kuma kada wanda ya ba ruwa baya sai yaronsa na kallo. Duk da haka wata igiya ta zarce layin ta tafi da takalmin Inna ɗaya. Ta bi shi da ido ta ce ta yafe, sadaka ce. Da ɗayan ta dawo Tawa, yana cikin akwatinta.

Hotunan sun iso bayan kwana biyar. Da farko ya turo su ta WhatsApp yadda kowa ke turawa, a waya sun yi kyau, amma da na kai ɗaya a ƙara girmansa sai ya fito dishi-dishi, domin manhajar na matse hoto ta rage masa nauyi. Sai da ya sake turowa a matsayin fayil. Duk mai niyyar wankewa ya nemi haka tun farko.

Mun dawo gida da sati uku, wani dare mai gidana ya shigo bai yi sallamar da ya saba ba, ya miƙo mini waya. Hoton ɗiyata ne. Iska ta ɗage mata mayafi, kitsonta a waje, tana dariya tana ƙoƙarin kamo shi. Ba ya cikin ashirin ɗin da aka ba mu, ni ban ma san an ɗauke shi ba. Yana kan shafin Facebook na mai hoton, da lambar wayarsa a ƙasa, da rubutu da Faransanci cewa masu son irin wannan su kira. Wani ɗan unguwarmu da ke ci-rani a Abijan ne ya gani, ya tura wa wansa, wan ya tura wa matarsa, kafin ka ce kwabo ya shiga zauren WhatsApp na dangin mijina. Kai ka san Tawa. Gwaggon yarinyar ta zo har gida washegari ta ce da ni, "Ke da kike malama, yawon buɗe kai kika kai mana ɗiya?" Yarinyar ta yi kwana uku ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Na kira mai hoton raina a ɓace. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne bai ma gane laifinsa ba. Ya ce, "Maman, ai hoton ya yi kyau, kowa na yabawa." Ya ce aikinsa ne, shi ya ɗauka, kuma in bai nuna abin da ya iya ba, ta ina wasu za su same shi? Mu ma ai ta irin wannan shafin ƙawar matar ƙanena ta san shi. Ya ƙara da cewa bayan harin 13 ga Maris 2016, da aka kashe mutum 19 a wannan bakin ruwan, sun daɗe suna zaman kashe wando, kuma da intanet suka farfaɗo. Na ji tausayinsa, ban ɓoye ba. Amma na ce masa kyamarar tasa ce, fuskar kuwa ba tasa ba ce. Kwadibuwa na da dokar kare bayanan mutane tun 2013, mu ma a Nijar muna da tamu tun 2017, har da hukumar da ke kula da ita, kuma hoton fuskar mutum na cikin abin da ake nufi, balle yarinyar da ba ta kai 18 ba. Ko dokar ce ta tsorata shi, ko muryar ƙanena da ya je ya same shi, bayan kwana huɗu ya sauke hoton, ya ba da haƙuri. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hoton na cikin wayoyin da ban san adadinsu ba.

Na yi ta tunanin hoton Inna da Baba. Mai hoton da ya ɗauke su shi ma ya riƙe kilishensa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, haka masu hoto ke yi tun fil azal. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samari da ƴan matan Yamai a shekarun 1960 da 1970, da bai adana nasa ba da ba mu san yadda garin yake a lokacin ba. To amma kilishe a aljihun tebur yake kwana. Iyakar tallar mai hoto ta da ita ce ya liƙa ƴan hotuna a allon ƙofar shagonsa, in ka wuce ka ga naka ba ka so, ka ce ya cire, magana ta ƙare a unguwa. Masu hoton yanzu sun gaji al'adar riƙewa, amma aljihun teburinsu duniya duka ke leƙawa, kuma ba su ga abin ya canza ba.

Ni ma ina da nawa laifin. Na yi ciniki a kan kuɗi, da awa, da yawan hotuna, kamar mai sayen atamfa, ban tambayi abu ɗaya da ya fi su duka ba: sauran fa? Don ya fitar da 20, ya ɗauki ɗaruruwa. Ina suke, wa zai gan su, yaushe zai goge? Da na rubuta masa layi ɗaya tun kafin in tura kuɗi, cewa ba a sa hoton kowa daga cikinmu a ko'ina sai da izinina, na tabbata da ya yarda, don ba mugu ba ne, rashin sanin mu su wane ne ya ja. A wajensa mayafin da iska ta ɗage ado ne. A wajenmu magana ce da za a tuno ranar da aka zo neman aurenta.

Kada kuma a ce wannan halin mutanen gaɓa ne kawai. Tun da abin ya faru idona ya buɗe, na duba shafukan masu hoton biki na nan Tawa da na Yamai, na ga amare da ƙawayensu jere kamar kayan kanti, har da wata tsohuwar ɗalibata. Na tambaye ta ko an nemi izininta, ta ce ita ba ta ma san ana nema ba. Ina roƙon jaridarka ta aika wakili ya tambayi masu wannan sana'a yadda suke yi, a ji ta bakinsu, don su ma abincinsu suke nema.

Kafin ya goge hoton na sa ya turo mini shi, na kuma wanke guda ɗaya ba tare da na gaya wa mai gidana ba. Duk cikin hotunan tafiyar babu wanda ya kai shi kyau, ban taɓa ganin ɗiyata tana dariya haka ba. Yana ƙasan akwatina, tsakanin zannuwa. Inna ce kaɗai na nuna wa, ta riƙe shi nesa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ɓoye mata shi sai ta yi ɗakin kanta.

Wata malamar firamare,
Tawa.