Wasiƙa daga Garwa: mai jinyar ma tana buƙatar mai duba ta

Garwa, Arewacin Kamaru

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan kuma sanyin Faransa bai takura muku ba. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci halin da Baba yake ciki a Marwa, yadda hanyar masallaci ta fara ɓace masa, har yana kiran jikokinsa da sunayen ƙannensa da suka daɗe da rasuwa. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya sa kaffara ce. Ka tambaye ni wane magani muka saya wa Inna, mahaifiyarmu da take fama da irin wannan ciwo, da kuma nawa ya kamata ka riƙa aikowa duk wata. Zan amsa maka, sai dai akasarin wasiƙar nan a kan ƙanwarka ce da take jinyarsa, wadda ba ka ambata ba sai a layin ƙarshe, domin abin da na gani a gidanmu a shekarar korona ya fi shafarta a kan kowa.

Abin da mutanenmu suke kira gigin tsufa, likitoci suna ɗaukarsa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba, kuma kai ma ka san dattawan da suka haura shekara 90 da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da ciwon mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma cutar Alzheimer ce take haddasa kashi 60 zuwa 70 na ciwon. Har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da ita ba, sai wanda yake rage wasu alamomi na ɗan lokaci, saboda haka kada ka bari wani ya ci kuɗinka da alkawarin waraka, ko na kwalba ne ko na ƙulli. Hukumar ta kuma ce mata ne suke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar, kuma a shekarar 2019 masu jinya na gida suna ba da kimanin sa'o'i 5 a kowace rana. A ganina wannan lissafi na matsakaici ne kawai, domin ƙanwata da take kwana ɗaki ɗaya da Inna ba ta da lokacin tashi daga aiki.

Kafin annobar, nauyin yana da masu rage shi ko da ba wanda ya tsara hakan. Bayan la'asar maƙwabta mata sukan shigo gaisuwa, wata tsohuwar ƙawar Inna takan zauna da ita suna ɓare gyaɗa suna maimaita labarin da suka yi jiya, gwaggonmu takan zo daga Yola ta yi makonni, in kuma an yi suna ko biki a unguwa ƙanwata takan samu ta fita ta yi dariya da sa'o'inta ta dawo da ƙarfinta. Sai aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yawunde ranar 6 ga Maris 2020, ranar 17 ga wata Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakan gwamnati, washegari aka rufe iyakoki da makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ba a yi mana kulle irin wanda kuka yi a can ba, kasuwa tana ci, 'yan babur suna ta kai da kawo, amma rediyo yana ta faɗakarwa cewa cutar ta fi yi wa tsofaffi illa, sai masu ƙaunar Inna suka janye ƙafa don su kare ta. Gwaggo ta maƙale a ƙetaren iyaka. Rufe makarantun ne ya zaunar da ni a gida, har na ga jinyar da idona daga asuba zuwa dare.

Mai ciwon mantuwa ba ya riƙe dalili. Ko sau nawa aka gaya wa Inna cewa annoba ce ta hana mutane zuwa, bayan ɗan lokaci sai ta sake tambaya ko wani laifi ta yi aka ƙaurace mata, ko kuma ta ce ƙanwata ce take korar mata baƙi. Da aka wajabta sanya takunkumi a watan Afrilu, na shigo daga kasuwa da nawa a fuska, ta dube ni ta ja zanenta ta ce a fitar da baƙon namijin nan daga ɗakinta. Mafi wuya shi ne gab da magariba, lokacin da masu wannan ciwo da yawa sukan rikice. Sai ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, ta ɗauki butarta, ta tsaya a bakin zaure ta ce za ta tafi gidan mahaifinta kafin duhu ya yi, alhali ya fi shekara 40 da rasuwa. Da can maƙwabciya takan zo ta ce, “Inna, ki bari sai an yi salla mu tafi tare,” magana ta wuce. A watannin nan kuwa ƙanwata ce kaɗai take tare ƙofar, ita ce kuma ake zargi da satar kuɗin da Inna ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma ta manta.

A kan haka azumi ya shigo a ƙarshen Afrilu, cikin zafin Garwa da ka sani, wanda yakan haura digiri 40. Ƙanwata tana azumi, tana girki, tana wankin shimfiɗar da Inna ta ɓata, da dare kuma ba ta samun barci mai nauyi saboda tsoron kada tsohuwa ta buɗe ƙofa ta fice. Ta rame, ciwon kai ya zame mata abokin zama, ta daina ɗaga wayar ƙawayenta, abinci ma sai an matsa mata. Wata rana ta ɗaga wa Inna murya a kan wanka, daga nan ta shige kicin ta yi ta kuka tana cewa ta shiga uku, ta saɓa wa ayar da ta hana a ce wa iyaye ko uffan. Wannan shi ne abin da na fi so ka gane. Gajiyar jiki tana da sauƙi a kan abin da yake cin zuciyar mai jinya, wato ta ji haushi, sannan ta ji kunyar haushin, sannan ta rasa wanda za ta gaya wa, domin duk wanda ta buɗe wa baki zai ce mata, “Sai haƙuri, aljannarki kike nema.” Maganar gaskiya ce, amma mai faɗinta yakan kashe waya ya kwanta ya yi barcinsa. Ga kuma baƙin cikin da ba a yi wa mutum ta'aziyyarsa, na ganin uwar da ta haife ka tana raye tana tambayarka ko kai ɗan wane ne.

Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, a watan Maris 2022, cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma mata sun fi maza jin jiki. Ban yi mamaki ba. A nan arewa ba mu cika kai irin wannan kuka asibiti ba, likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala, ga tsoron kada a ce wance ta taɓu. Wasu ma tsohuwar suke ɗora wa iska ko sammu, abin da yake ƙara nesanta mutane daga gidan. Ƙanwata da ciwon kai ta je asibiti, aka auna aka ga jininta ya hau, sai wata ma'aikaciyar jinya mai hankali ta tambaye ta sa'a nawa take barci, kuma wa yake karɓarta. Tambayar nan ce ta sa muka zauna a matsayin iyali.

Abin da muka yi ba shi da tsada. Muka raba kwana, ni da matata muka karɓi wasu darare, ƙanwata ta koma wani ɗaki ta yi barci har asuba ba tare da kunnenta yana kan ƙofa ba. Muka roƙi tsohuwar ƙawar nan ta dawo, ta wanke hannu ta zauna a tsakar gida da 'yar tazara, domin mun auna mun ga kaɗaicin ma yana da tasa illar. Muka daina gardama da Inna. In ta ce za ta gidan mahaifinta, sai a ce mata to, a sha kunu tukuna, a kunna fitila tun kafin rana ta faɗi, a ba ta tsintar shinkafa ko ninke tufafi. Karatun Alƙur'ani da ta haddace tun tana yarinya bai gushe ba, in aka ja mata sai ta bi, jikinta ya yi sanyi. Wani malami kuma ya zaunar da ƙanwata ya bayyana mata cewa gajiya ba saɓo ba ce, kuma neman a taimake ta ba gazawa ba ce wajen biyayya. Daga bakinsa ta karɓi abin da ta ƙi karɓa daga nawa.

Game da kuɗi, ka aiko gwargwadon ikonka, amma ka ware wani kaso da sunan ƙanwarka, a ɗauki mai taya ta wanki da girki, ko wata dattijuwa amintacciya da za ta riƙa zama da Baba wasu ranaku. Kasancewar namiji ne, wanka da kama ruwa sun fi dacewa da 'ya'yansa maza, sai ka yi magana da ƙannenka a fili, kowa ya san ranarsa, kada a bar abin ga wanda ya ga dama. In ka kira waya, ka nemi ita kanta, ka tambaye ta barcinta da cin abincinta da ko tana fita, ka kuma saurara ba tare da gaggawar yi mata nasiha ba. Idan ka ji ta daina jin daɗin komai makonni a jere, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, kada ka ɗauka magana ce kawai, a kai ta ga likita ba tare da jinkiri ba. Shi ma Baba a fara kai shi a duba shi, domin rikicewar da ta zo farat ɗaya takan samo asali daga ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da yake sha, kuma waɗannan ana magance su. Akwai wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna iSupport da aka tsara don masu jinyar irin wannan ciwo, yana intanet, sai ka karanta ka riƙa bayyana mata da Hausa a waya.

In Allah Ya yarda zan shiga Marwa idan an yi hutun makaranta, zan je in gaida Baba, matata kuma ta ce za ta biyo ni don ta zauna da ƙanwarka su yi magana ta mata. Ka sanar da su kafin lokacin, ka kuma turo mini lambar ƙaninka da yake zaune a gidan. Inna tana nan da sauƙi, ƙanwata tana gaishe ka. Ka isar da gaisuwata ga uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amininka