Kada A Ɗaure Ƙafar Nan Kafin A Ɗauki Hoto

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, dalilin wannan takarda shi ne labarin da ƙanwarka ta kawo mana, cewa ka faɗo daga kan motar kaya a Kantin Kwari, ƙafar dama ta kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma abokan aikinka sun ce targaɗe ne, za su kai ka wurin mai ɗori. Mahaifiyarka ba ta runtsa ba tun daren, ni kuwa abin da ya fi ci mini rai shi ne a bakin yarinya na ji, ba a bakinka ba.

Ta ce tsakiyar tafin ƙafar ta yi baƙi kamar jini ya kwanta, kuma ba ka iya takawa. Wannan alama ce da likitocin ƙashi ba sa wasa da ita, domin sau da yawa tana nuna gaɓar tsakiyar ƙafa ta goce ko ta karye. Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya, ƙanana, a harhaɗe da juna, babu hannun da zai lalubo wanda ya tsage a cikin kumburi komai ƙwarewarsa. Hoton asibiti ma wani lokaci ba ya nuna irin wannan gocewa idan mutum yana kwance, sai an sake ɗauka yana tsaye a kan ƙafar. Tunda daga sama ka diro, ka ce su duba diddigenka da bayanka.

Ban taɓa raina masu ɗori ba, kai shaida ne, akwai waɗanda muke gaisawa da su da mutunci. Amma ɗaurin nake tsoro. Ƙafar da ke ci gaba da kumbura, idan aka jera mata karare aka tamke ta da tsumma, jini ba ya samun hanyar wucewa. Yatsu su yi sanyi, su daina ji, su fara baƙi, mai ciwo yana kuka ana ce masa ya daure magani ne ke aiki, alhali naman ne ke mutuwa. Wannan ɓarna cikin sa'o'i take farawa, ba ta jiran mako. Ka san Baffanku, ka san abin da ya sa ba ya zuwa gona. Ni na riƙe shi a mota ranar da aka kai shi, kuma warin nan bai bar hancina ba har yau. Ba zan sake ganin wannan a gidana ba, balle a jikinka.

Kana cikin Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana kusa da kai, mutane na tahowa can daga garuruwa masu nisa, kai kuwa kana sauraron yaran kasuwa. Wane irin taurin kai ne wannan? Idan kuɗi kake ji, ai ba a kanka aka fara rashi ba, kuma abin da ya faru bara ba rowa ba ce, ka san halin da ake ciki lokacin. Na sayar da masara, mijin yayarka zai kawo maka kuɗin, shi zai raka ka.

Idan sun sa maka siminti, yawanci mako 6 zuwa 8 ne, ka haƙura da sanduna, kada ka taka sai sun ba da izini. Idan sun ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, ka amince, ka kira ni. Kafin nan ka ɗora ƙafar bisa matashi, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka riƙa ɗorawa, kada kowa ya murza ta ko ya ja ta. Sigarin nan kuma, ba sai ka musa ba, ka ajiye shi, domin yana jinkirta haɗewar ƙashi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Mahaifiyarka na gaishe ka, tana jiran jin muryarka da zarar an ɗauki hoton.

Mahaifinka.